Ihun da Ya Cinye Ƙwallo Uku

Duk shekara ana turo mana ɗalibai gidan rediyo su koyi aiki, kuma yawancinsu sharhin wasanni suke cewa suna so. In na tambayi dalili, sai su ce ai shi ne mai sauƙi: ka zauna ka kalli ƙwallo, in an ci ka yi ihu. Ba na musu da su. Ni ma shekara goma sha tara na yi ina wannan aiki a Haɗejiya da irin wannan fahimta, kafin wasu mata da ban taɓa gani ido da ido ba su gyara mini ita.

Wasan farko da na yi sharhinsa, babu makirufo a gabana. Malam Ɗanjuma, wanda ya koya mini aikin, ya zaunar da ni a bakin filin wata firamare, ya miƙo mini gwangwanin madara ya ce in riƙa magana a ciki, shi kuma ya juya wa filin baya. Can sai ya tambaye ni ina ƙwallo take. Na ce ga ta can.

"Habu," in ji shi, "ni makaho ne. Duk mai sauraronka makaho ne. 'Can' ba sunan wuri ba ne."

Wata shida na yi da gwangwanin nan. Ranar da ya sake ni, kaya uku ya ba ni: agogo mai nuna daƙiƙa, littafin rubuta sunayen 'yan wasa, da ƙullin citta da kanumfari saboda maƙogwaro. Ya ɗora mini doka biyu. Ta farko, in maimaita yawan ci duk bayan minti biyu, domin kullum akwai wanda yanzu ya dawo daga gona ya kunna rediyo. Ta biyu, ya ce mai sharhin da muryarsa ta dushe zai warke ya dawo aiki, amma wanda aka kama da ƙarya a yawan ci, gara ya nemi fatanya.

Abin da bai koya mini ba, ni na ƙago wa kaina, shi ne ihu. In ƙwallo ta shiga raga sai in rufe ido in ja "ta shiga" har daƙiƙa talatin ba numfashi. Na auna da agogo, ba ƙiyasi nake yi ba. Da wannan aka san ni, har sunana ya koma Habu Ta-Shiga. Masunta na rataye rediyo a kwalekwale domina, masu noman rani na ɗora ta kan kunya, teloli na tsayar da keke in na fara.

Cikin masu saurarona babu kamar Baba Bukar, wani tsohon masunci a ƙauyen Baturiya. Shi ba ya rubutu. Zaren komar kamun kifi yake riƙewa, duk ihun da na yi ya ƙulla ƙulli ɗaya. In an tashi wasa aka buɗe layin waya, shi ne na farko.

"Malam Habu, ƙulli uku nake da shi."

"Biyu da ɗaya aka tashi, Baba. Daidai ne."

"To, madalla. Allah ya bar mana kai."

Haka muka yi shekaru, zarensa bai taɓa saɓa wa bakina ba.

Sai shekarar da ruwa ya yi yawa. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kogi ya fasa jinga, shinkafa ta nutse, mutanen ƙauyuka suka cika ajujuwan makarantu a cikin gari. Mu abin da ya same mu ƙarami ne, amma shi ya kawo wannan labari. Wata iska ta juya dish ɗin kamo tashoshin talabijin da ke kan rufin tasharmu. Duk tashoshin ƙwallon ƙafa suka ɓace, injiniyan da ya iya saita shi kuma yana can wajen garin Malam Madori, ruwa ya yanke hanya. Tasha ɗaya ta rage a talabijin ɗin ɗakin shiri, da wani yare da babu mai ji a cikinmu. Ranakun Asabar da Lahadi tana nuna gasar manyan ƙungiyoyin mata na ƙwallon hannu ta ƙasashen Turai, wadda a lokacin aka fara kakarta.

Manaja ya tsaya ya kalli allon na minti guda.

"Malam Habu, wannan ƙwallo ce ko ba ƙwallo ba ce?"

"Ƙwallo ce, ranka ya daɗe, sai dai da hannu ake yi."

"Akwai raga?"

"Akwai."

"To, me ya rage? Hannu da ƙafa ai jiki ɗaya ne."

Ya kuma tuna mini cewa akwai wani mai maganin basir da ya daɗe yana neman awar nan tawa ta Asabar. Ya ce shi ma mutumin yana da murya.

Wasan farko tsakanin wata ƙungiya mai jajayen riguna daga Hangari ne da wata mai farare daga Denmak. Na buɗe littafina in rubuta sunaye, na tarar da haruffa cunkushe kamar an zuba tsakuwa a kwano. Kafin in gama sunan mutum ɗaya, an ci. Na rufe ido na ja ihuna cikakke, na kurɓi ruwa, na buɗe ido. Lambobin da ke kusurwar allo sun nuna biyu da biyu. Ihu ɗaya ya cinye ƙwallo uku.

Mai hankali da ya tsaya nan ya sake shawara. Ni sai na ƙara ƙaimi. Duk ƙwallon da na gani na yi mata ihu, duk wadda ta shiga ina cikin ihu ta wuce ba labari. Ga kuma harshe da ya saba: duk sanda wata ta cafe ƙwallo sai in ji bakina na shirin kai ƙara wurin alƙali. Kafin hutun rabin lokaci murya ta tafi, citta da kanumfari suka ƙare. Da aka tashi na sanar, da muryar ɗan akuya mai mura, cewa an ci talatin da ɗaya da ashirin da tara.

Aka buɗe layi.

"Malam Habu." Baba Bukar ne. "Ƙulli goma sha huɗu nake da shi. Kai ka ce sittin. Ina sauran arba'in da shida?"

"Baba, wasan ne da sauri."

"Shekara goma sha tara ban taɓa kama ka ba. Ruwa ya ci gonakinmu, kai ma za ka ci amanarmu?"

Ya kashe waya ba addu'a. Na biyu wani ne daga cikin waɗanda ke zaune a makaranta. Ya ce ya ji mata sun ci sau talatin da ɗaya cikin awa guda, su kuwa tun safe ko sau ɗaya ba su ci ba, don Allah a tambaye su ko da ragowa. Na uku ya ce shi masani ne, kuma a saninsa ko a bar raga ba kowa ba a cin talatin.

Ranar Litinin Manaja ya kira ni ofis. Shi da kansa ya ga lambobin a allo, amma ya ce talatin da ɗaya ta yi yawa.

"Ba za ka ɗan rage ba? Ka ce uku da biyu."

"Ranka ya daɗe, ba haka aka tashi ba."

"Ka raba da goma mana. Jama'a sun fi yarda da abin da kunnensu ya saba ji."

Na ce ban iya ba. Ya ce to, in har aka gama kakar wasan nan ana kirana maƙaryaci a gari, tasha ba za ta ɗauki sunan ba, awar ta koma hannun mai magani.

Ranar Laraba wata mata ta sauke kwandon kifi banda a barandar tasha. Za ta yi shekara hamsin. Daga wajen Kirikasamma ruwa ya koro ta, tana zaune a makarantar da ke bayanmu.

"Kai ne Ta-Shiga?"

"Ni ne, Hajiya."

"Ban je Makka ba, Yagana sunana. Malam, wasan nan ba ka san shi ba."

Ta ce ta yi shi shekara huɗu a makarantar kwana ta 'yan mata, a gefen hagu take tsayawa. Ta ɗauki gawayi ta zana rabin da'ira a simintin baranda. Ta ce cikin da'irar nan ɗakin mai tsaron raga ne, babu mai taka shi sai ita. Ana iya tsalle a shiga ta sama, amma sai an saki ƙwallo kafin a sauka, kuma ƙafa ba ta taɓa layi kafin a tashi. Taku uku ake yi da ƙwallo a hannu, na huɗu laifi ne. Baƙin tabon da na gani a jikin ƙwallo har na ce datti ne, ta ce wani abu ne mai kama da ƙaro suke shafawa a yatsu don kada ta suɓuce.

"Saboda haka ka kalli ƙafa," in ji ta.

"Yagana, wasan hannu ne fa."

"Shi ya sa. Hannu kowa na kallonsa. A naku wasan laifi a hannu yake, a namu a ƙafa yake."

"Ihun fa?"

"Ka bar shi a gida. Mai banda ba ta guɗa duk kifin da ta juya."

Na roƙi Manaja a sa ta a shirin. Ya ce ba ta da satifiket, ba za a ba ta makirufo ba. Amma bai hana ta kujera ba. Saboda haka duk Asabar sai ta zauna kusa da ni bakinta a rufe, in ƙafa ta taka layi ta ƙwanƙwasa tebur da yatsa. Makonnin farko ita ke riga ni gani. Masu karanta labarai suka yi ƙorafin ƙamshin banda a ɗakin shiri, amma ban ga wanda ya ƙi loma ba.

Aikin da na yi a wasa na biyu shi ne mafi wuya a duk shekaruna, domin rage kaina na yi. In an ci sai in ce, "Ta shiga. Tara da takwas." Shi ke nan. Sunayen da suka gagare ni na ajiye su, na raɗa nawa: Doguwa, Bahaguwa, Mai Ɗaurin Gwiwa, mai tsaron ragar Jajaye kuma na kira ta Katanga. Na aika wa Baba Bukar saƙo ta iska cewa ya nemi zare biyu, kowace ƙungiya da nata.

Kalmomi ma sai da na sake musu zama. A wannan wasa, in ƙungiya na neman ci ruwa a jallo, takan fitar da mai tsaron raga ta sa mai kai hari a madadinta. Ranar da na fara gani na ce, "Mai tsaron gida ta bar gida." Wani dattijo ya bugo ya tambaya da izinin wa. Mako na gaba na ce ta bar raga ba kowa. Masunta uku suka bugo suka ce wannan sakaci ne, a wajensu wanda ya bar raga ba kowa ba ya dawowa ya same ta.

A mako na huɗu Baba Bukar ya ce yana da ashirin da bakwai a jan zare, ashirin da shida a fari.

"Daidai ne, Baba."

"Daidai da abin da ka faɗa. Abin da ka faɗa kuma, wa ya gani?"

Nan gizo ke saƙa. Babu gidan kallo ko ɗaya a gari da ke kama tashar nan. A teburan masu shayi magana ta zauna cewa babu wata Doguwa a duniya, Habu ne ke zama a ɗaki da wata mai kifi suna ƙirƙirar wasa. Wani ma ya ce ya duba taswira bai ga Denmak ba.

Mata kuwa ba su tsaya wannan muhawara ba. Da ruwa ya janye injiniya ya iso da tsaninsa, ya tarar da mata kusan ashirin a gindin bango, Yagana a gaba.

"Injiniya, ina za ka?" in ji Yagana da ya fara hawa.

"Zan mayar da dish inda yake, Inna."

"Inda yake yanzu ma wuri ne. Sauko."

Ya sauko. Aka tono wani tsohon dish a sito aka kafa wa ƙwallon ƙafa. Da yamma Manaja ya shiga iska da kansa ya bayyana cewa tasharmu, bayan dogon nazari, ta ɓullo da wannan shiri ne musamman don ci gaban mata. Bai ambaci iskar da ta yi nazarin ba.

Haka muka bi kakar, daga kaka har bazara, Yagana na zuwa daga Kirikasamma duk mako da kwandonta. Gari ya zaɓi Jajaye, saboda Doguwa. Har wata mai ƙosai ta sa wa babban cokalinta sunan. Jajaye suka kai wasan ƙarshe a farkon damina.

Don a kashe maganar masu shayi, Manaja ya sa aka fito da wani talabijin farfajiyar tasha, aka shimfiɗa tabarmi, aka haɗa muryata da lasifika. Yau kowa zai gani da idonsa ko Habu na ƙarya. Baba Bukar ya shigo mota daga Baturiya da zarensa biyu, ranar na fara ganin fuskarsa. Kujerar Yagana kuwa Manaja ya ce rana irin wannan ta shugabanni ce, ya zauna a kai. Ita ta koma tabarma cikin mata. Ni kuma na yi wa jama'a alkawarin cewa ihun da na ajiye wata tara zan sake shi a ƙwallon da ta ba da kofi.

Saura daƙiƙa takwas, ashirin da takwas da ashirin da takwas. Bahaguwa ta miƙa wa Doguwa. Doguwa ta yi taku uku, ta tashi, ta saki. Raga ta girgiza. Ɗaya daga cikin alƙalan biyu ya nuna an ci. Farfajiya ta ɗauki guɗa, Manaja na dukan tebur yana cewa, "Ihu, Malam Habu, ihu!" Na riga na cika ƙirji da iska.

Amma ni ba hannu nake kallo ba. Kan takalminta na hagu ya hau layi kafin ta tashi. Bai fi faɗin yatsa biyu ba.

Na ce, "Ƙwallo ta shiga raga, amma ba a ci ba. Ta taka layi. Ashirin da takwas da ashirin da takwas."

Ta taga na ji abin da aka mayar mini. Mutum ɗari sun ga ƙwallo a raga da idonsu, mai sharhi ya ce ba a ci ba. Masu shayi sun samu hujjar da suka yi wata tara suna nema. Manaja ya rufe makirufona da hula ya ce in janye maganar tun da sauran dama. A allo kuma alƙalan suka haɗa kai, suka nufi wani ƙaramin talabijin a gefen fili don su sake dubawa. Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in suka yi, ina kallon agogon Malam Ɗanjuma. Sai na bi dokarsa ta farko, na maimaita yawan ci saboda wanda yanzu ya dawo daga gona.

Suka soke ƙwallon. Aka nuno takalmin a hankali, sau uku, babba kamar kwalekwale a kan layi. Aka ƙara lokaci, Jajaye suka sha kashi da ƙwallo ɗaya. Ban yi wa ƙwallon da ta ba da kofi ihu ba, domin babu mai son ji.

Da na fito baranda, Yagana na ɗaure kwandonta. Ba ta ɗago ba.

"Ta hagu?"

"Ta hagu."

Ta zaro tarwaɗa guda ta ajiye mini a kan benci ta tafi neman mota.

Baba Bukar ya jira har mutane suka ragu. Ya ɗaga jan zaren, ya sa haƙori ya kwance ƙulli ɗaya a gabana.

"Malam Habu, na shaida ba ka ƙarya. Na gani da idona, zan kuma faɗa a Baturiya."

"Na gode, Baba."

"Amma ba ka kyauta ba. Yarinyar nan wata tara tana wahala. Alƙali ya riga ya ba ta. Kai ka tona mata asiri."

"Baba, suna Turai. Ba sa kama tasharmu, ba sa ma jin Hausa."

"Kafin ka yi magana ya je ya duba?"

"A'a."

"Bayan ka yi magana fa?"

"Ya je."

"To, wa ya gaya masa?"

Awar Asabar ta zauna a hannuna har yau. Mai maganin basir an ba shi Talata. Ba wanda ya sake kirana maƙaryaci, sai dai suna ya sauya, daga Baturiya har Malam Madori Habu Ba-a-Ci-Ba ake ce mini, kuma mai ƙosan nan shekara guda ta yi tana zaɓo mini ƙonannu. Har yanzu in za a yi babban wasa akan samu mai bugowa ya roƙe ni, in na ga wani abu, don Allah in yi shiru.

Ɗaliban da ake turo mana kan ce in yi musu ihun nan da suka ji labari. Nakan miƙa musu gwangwanin madara, in juya wa allo baya, in tambaye su ina ƙafa take.